Cinikin Biri a Sama: Ranar Karɓar Makulli Ta Wuce, Gida Bai Samu Ba

Yau maganar gida za mu yi. Ba gidan gado ba, ba gidan haya ba. Sabon gidan da ka saya a hannun kamfani tun yana kan takarda, ka zuba kuɗinka, aka ce maka ranar kaza za ka karɓi makulli. Ranar ta zo ta wuce. Wata shida ya wuce. Shekara ta zagayo, kai kuma kana nan kana sabunta kuɗin haya, in ka kira waya a ce maka "Oga yana mitin."

Na san wani zai ce, mu da muke neman na sawa a baki, ina mu ina sayen gida a rukunin gidaje? To amma ku duba su wa ke shiga wannan cinikin. Mai kuɗi ba ya shigarsa, shi gamammen gida yake saye, ya biya yau ya tare gobe. Masu saye a kan takarda su ne matashin ma'aikaci da ake cire masa kuɗi a albashi ta ƙungiyar adashin ofis, da ɗan uwanmu da ke Saudiyya ko Ingila yana turo da guminsa duk wata, da matar da ta sayar da gwal ɗinta ko rabonta na gado ta ce bari ta samar wa yara matsuguni. Biya da kaɗan-kaɗan shi ne kawai ƙofar da ta rage wa irinmu. Don haka maganarmu ce.

Ga yadda abin yake. Kamfani ya samu fili, a ce wajajen Lugbe ko Karsana ko Kuje a Abuja, ko a gefen Kaduna ko Kano. Ya sa a zana masa hotuna masu kyau a kwamfuta, ga shuke-shuke, ga mota a ƙofar gida, ga yara suna wasa. Ya ce ka kawo kafin alƙalami, sauran ka biya cikin shekara ɗaya ko biyu. Farashin ya fi na gamammen gida sauƙi, shi ya sa muke rugawa. Amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa ya yi maka ragi? Saboda kai ne bankinsa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi. Kamfanin da zai ci bashi a wannan farashin ya yi gini, da wuya ya fita. Sai ya karɓi naka kyauta, babu ruwa, babu jingina. Banki kafin ya ba da sisi sai ya riƙe takardar fili, ya turo masu duba aiki, ya sa ranar biya. Kai kuma da ka ba da naka, me ka riƙe? Rasit da hoton gida.

Ba na cewa duk kamfanin da ya yi jinkiri ɓarawo ne, a'a. A yi adalci. Wanda ya yanka farashin gida a farkon 2023 bai san za a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu ba, bai san za a saki naira a watan Yuni ta nemo wa kanta farashi ba. Buhun siminti da ake saye wajen naira dubu biyar, a watan Fabrairun 2024 ya kai dubu goma a wurare da dama, har sai da gwamnati ta kira masu masana'antun siminti zama. Rodi ya tashi, kwano ya tashi, kuɗin tifa ya tashi. Mai gaskiya ma ya ji jiki. Amma akwai wani jinkirin da ba ruwansa da siminti: kamfani ya karɓi kuɗinku, maimakon ya gama naku sai ya je ya sayi wani filin, ya buɗe sabon rukuni, ya karɓi kuɗin sabbin mutane ya zo ya ɗan yi muku fulasta. Muddin sabbin masu saye suna zuwa, abin yana tafiya. Ranar da suka daina zuwa, kowa ya tsaya a linta.

Akwai kuma jinkirin da gini ya ƙare amma gida bai samu ba. Ga ɗaki, ga fenti, ga tayil, amma babu taransifoma, babu ruwa, hanya kuma da damina sai dai jirgin ruwa. Ko kuma an ba ka makulli amma takarda ta maƙale. Wannan na takarda shi mutanenmu suka fi rainawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar fili ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar gwamna, a Abuja kuma ministan birnin ne ke tsayawa a wannan matsayin. A irin waɗannan rukunan, sau da yawa takardar C of O guda ɗaya ce, da sunan kamfani, ta rufe filin gaba ɗaya. Abin da ke hannunka wasiƙar ba ka gida ce daga kamfani. In kamfanin ya kai babbar takardar banki ya jinginar, to kana kwana a gidan da wani ke da haƙƙi a kansa kafin kai. Wanda kuma yake jiran bashin asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi, ake ba da rance a kan kashi 6 har tsawon shekara talatin, shi nasa jiran hawa biyu ne. Takardunsa sai sun bi ta ƙaramin bankin ba da rancen gida kafin su isa babban, kuma ba a sakin kuɗi a kan gidan da takardarsa ba ta cika ba. Kamfani ya ce banki yake jira, banki ya ce kamfani yake jira.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wannan maganar yau.

Bayan an ja ka shekara biyu, ka gaji, ka je ofis ka ɗaga murya, sai manaja ya zaunar da kai, ya sa a kawo maka ruwan sanyi, ya ce, "Alhaji ba ma son rigima. In ba za ka iya jira ba, za mu mayar maka da kuɗinka." Kai kuma sai ka ji sanyi a ranka, ka ce alhamdulillahi, ashe mutanen kirki ne. Tsaya mu yi lissafi. A ƙaddara ka biya naira miliyan ashirin lokacin da siminti yake dubu biyar. Kuɗinka buhu dubu huɗu ne. Yau an mayar maka da miliyan ashirin ɗin cif, siminti yana dubu goma. Buhu dubu biyu ka karɓa. Rabin dukiyarka ta tafi, kuma ba a sace maka ko kwabo ba a kan takarda. Ka ɗora kuɗin hayar shekara biyu da ka biya, wanda da ba ka biya ba in an cika alkawari. Wasu ma sai sun zare kaso da sunan kuɗin hidimar ofis, wasu su ce sai sun samu wani mai saye kafin su biya ka. Gidan kuma da aka gina da kuɗinka, sai a sa masa sabon farashi a sayar wa wani. Ka ba da rance babu riba, ka ɗauki asara, ka kuma yi godiya. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a 2024, mayar da kuɗi babu ƙari ba sulhu ba ne. Wani lokacin ma shi kamfanin yake jira ka nema da bakinka.

Kuma wannan dabarar ba a nan aka fara ta ba. A Ostireliya ana sayen gida a kan takarda sosai, amma tsarinsu daban. Mai saye yakan ajiye kashi goma cikin ɗari, kuɗin kuma ba ya shiga hannun mai gini, yana zaune a asusun amana har ranar kammala ciniki, ranar da za a biya sauran a miƙa takarda da makulli. A yarjejeniyarsu akwai wani sharaɗi da suke wa laƙabi da sharaɗin faɗuwar rana: in rana kaza ta yi ba a gama gini ba, ana iya warware ciniki a mayar wa mai saye da kuɗinsa. Don kare mai saye aka yi shi. Amma da farashin gidaje ya yi ta hawa a birnin Sidni, sai aka fara kokawa cewa wasu masu gini suna jan ƙafa har ranar ta wuce, su warware, su mayar da kafin alƙalami, su sayar da gidan a sabon farashi. A 2015 jihar New South Wales, inda Sidni take, ta gyara doka: mai gini ba zai warware da wannan sharaɗin ba sai ya ba da sanarwar kwana 28 a rubuce, kuma sai mai saye ya yarda, ko babbar kotun jiha ta gamsu cewa adalci ne. Jihar Biktoriya ta bi sahu a 2019. Kun ga, mutanen da kashi goma kawai suka ajiye, kuɗinsu ma yana asusun amana, sai da aka yi musu doka. Mu da muke miƙa kashi saba'in, tamanin, kai tsaye a asusun kamfani fa?

To mece ce mafita? Ga wanda bai sa hannu ba tukuna, maganar duk tana cikin takarda, kuma abin mamaki malamanmu sun riga mu. Akwai ciniki a fiƙihu da ake kira istisna'i, wato ka sa a ƙera maka abin da bai wanzu ba tukuna, kamar ka ba kafinta aikin gado ko ka sa a gina maka gida. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kansa a Jidda a 1992. Ta ce dole a fayyace siffar abin da za a yi, dole a yanka lokaci, kuma ya halatta a sa sharaɗin tara a kan mai aikin in ya saɓa lokaci, sai dai in wani abu ne da ya fi ƙarfinsa ya gifta. A 2000 a Riyad suka ƙara bayani, cewa wannan tarar a kan mai aiki take, ba a ɗora wa mai saye ƙari don ya makara wajen biya, saboda wannan ƙari ne a kan bashi. Yanzu ku ɗauko takardun da ake ba mu. Yawancin waɗanda suka ratsa ta hannuna a juye suke. In kai ka makara da biya wata ɗaya, ga tara, ga barazanar ƙwace gida. In kamfani ya makara shekara biyu, babu ko layi ɗaya. Ranar miƙa gida ma ba rana ba ce, "ana sa ran" ne. Sannan can ƙasa da ƙananan baƙi an rubuta cewa kamfani yana da ikon sake farashi in kaya sun tashi.

Saboda haka kafin ka biya, ka nemi a rubuta ranar miƙa gida da kwanan wata, a kuma rubuta cewa lokaci ginshiƙi ne a wannan ciniki, don a wajen lauyoyi wannan jimlar tana da nauyi. A rubuta abin da kamfani zai riƙa biyanka duk wata in ya makara, ko da daidai kuɗin hayar irin gidan ne. A ɗaure biyanka da aiki, ba da kalanda ba: in an gama harsashi ka biya kaza, in an kai linta kaza, in an rufa kaza, kaso na ƙarshe kuma sai ranar makulli da takarda. Ka je AGIS in a Abuja ne, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, a bincika maka sunan wa ke kan filin, kuma an jinginar ko ba a jinginar ba. Ka nemi ganin izinin gini. Ka je wani rukunin da kamfanin ya gama a baya, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambayi masu gida yaushe aka yi musu alkawari, yaushe suka tare. Lauyan kuma ya zama naka, ba wanda kamfani ya nuna maka ba. Mutum zai fitar da miliyan ashirin bai yi ƙyashi ba, amma kuɗin lauya ne zai tsaya masa a wuya. Kuma don Allah a daina cewa "ai mutumin kirki ne, tare muke sallah." Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Rubutu ba zargi ba ne.

Wanda kuma ya riga ya shiga, yana saurarona yana cewa ai ni aikin gama ya gama, bai gama ba.

Ka daina magana da baki. Duk kiran waya da duk "insha Allahu wata mai zuwa" iska ce. Ka tattara rasit, da shaidar tura kuɗi ta banki, da takardar talla da aka ba ka tun farko, da saƙonnin WhatsApp. Ka je wajen ginin ka ɗauki hoto da bidiyo, ka maimaita duk wata, don a ga ana motsi ko ba a yi. Sai lauyanka ya rubuta wasiƙa, a kai ofis a sa hannu a kan kwafinka, yana neman dalilin jinkiri da sabuwar rana a rubuce, yana kuma ba su wa'adi mai ma'ana. Ko da takardarku ta farko ba ta ɗaure lokaci ba, irin wannan sanarwar tana iya ɗaure shi. In suka kawo maka wata sabuwar takarda suka ce "sa hannu kawai, sabunta bayanai ne," kada ka sa a nan take. Sau da yawa a cikinta ake cusa sabon farashi, ko a sa ka yafe haƙƙinka na jinkirin baya. Ka kuma sani doka tana da wa'adin shigar da ƙara a kan yarjejeniya. Haƙurin da ya yi yawa yana iya rufe maka ƙofar kotu.

Tambayar da aka fi yi ita ce, in daina biya? A nan sai an yi hattara. Zuciya za ta ce maka eh. Amma in takardarku ta ɗaure biya da kalanda, ranar da ka tsaya kai ne ka karya yarjejeniya, ka kuma miƙa musu hujjar da suke nema su warware su sayar wa wani. Kada ka tsaya kai kaɗai, kada ka tsaya babu wasiƙa. In lauya ya ga kana da hurumi, a rubuta musu dalili, kuɗin kuma ka ajiye su gefe a banki, yadda za ka iya nuna wa kowa cewa a shirye kake ka biya da zarar aiki ya motsa.

A ƙasar Sin an ga abin da tsayawa tare yake yi. Can mutane suna cin bashin banki su biya gida gaba ɗaya tun ba a gama ba. Da kamfanin Evergrande ya durƙushe da bashin da ya haura dala biliyan 300, gine-gine suka tsaya, mutane suna biyan banki duk wata a kan kango. A ƙarshen Yunin 2022 masu saye a wani rukuni a birnin Jingdezhen suka rubuta wasiƙa ɗaya da sunansu duka, suka ce in aiki bai dawo ba za su daina biyan banki. Cikin makonni abin ya bazu zuwa rukunai sama da 300 a faɗin ƙasar, har hukumomi suka fito da kuɗi na musamman don a ƙarasa gidajen da suka tsaya. Bai ceci kowa ba fa, don a Janairun 2024 kotu a Hon Kon ta ba da umarnin a rushe kamfanin. Amma da mutum ɗaya ne ya rubuta wasiƙar nan, da ko maigadi ba zai karanta ba. Don haka ka nemo sauran masu saye a rukuninku. Kamfani ya fi son kowa ya zo shi kaɗai, a gaya wa wannan Maris, a gaya wa wancan Yuni. Ku haɗu, ku kwatanta takardu, ku ɗauki lauya ɗaya ku raba kuɗinsa. A irin wannan zaman ne ma ake gano an sayar wa mutum biyu gida ɗaya.

Maganar 'yan sanda kuwa, bari in faɗa kai tsaye, don mun saba da "zan sa a kulle shi." Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kotun ƙoli kuma ta sha faɗa cewa hukumomin tsaro ba masu karɓar bashi ba ne. Ka sa a kama manaja a kan jinkiri, gobe shi zai kai ka kotu a kan tauye masa haƙƙi. In akwai yaudara, kamar filin da ba nasu ba ko gida ɗaya ga mutum biyu, wannan laifi ne, a kai shi inda ya dace. In jinkiri ne tsagwaronsa, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai zauren sulhu na manyan kotuna a Abuja da Kano, Legas kuma tana da hukumarta ta harkar gidaje, LASRERA. In aka kai ga alƙali, ka tuna lissafin simintin nan. Kana iya roƙon kotu ta tilasta musu su ba ka gidan kansa tare da diyyar jinkiri, ba lallai kuɗi ba. In kuma kuɗin za ka karɓa, ko don ka ga kamfanin yana tangal-tangal, to a yi maganar darajar yau, a rubuta ranar biya.

Ranar da Allah ya kawo makulli, kada murna ta sa ka sa hannu a tsaye. Ka je da mai wayarin da mai famfo naka, ku buɗe kowane famfo, ku gwada kowane soket, ku leƙa silin, ku duba tayil. A rubuta duk abin da ba daidai ba kafin ka biya kaso na ƙarshe, don bayan ka biya lambarka ba za ta ƙara shiga ba.

Saura ɓangaren da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dubai tun 2007 ta wajabta wa masu sayar da gida a kan takarda su zuba kuɗin masu saye a asusun amana na wannan aikin kaɗai. Indiya a 2016 ta yi dokar da ta ce kashi 70 na kuɗin masu saye ya zauna a asusu na daban, ba a cire shi sai gwargwadon aikin da aka yi, kuma sai injiniya da mai zanen gini da akanta sun sa hannu. In aka makara, mai saye ya zaɓa: ko ya karɓi kuɗinsa da ƙari, ko ya zauna a riƙa biyansa diyya duk wata har ya karɓi gida. Harkar filaye a ƙasarmu a hannun gwamnoni take, kuma Legas ta nuna jiha tana iya yin dokarta ba sai ta jira Abuja ba. To ɗan majalisar jiharku yana da ofis a mazaɓa, yana da lambar waya. Ku rubuta masa takarda shafi ɗaya, ku sa hannu ku ashirin ko talatin, ku nemi abu uku: rajistar kamfanonin gine-gine, asusun amana ga kuɗin masu saye, da hana warware ciniki sai da yardar mai saye ko umarnin kotu. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, bayan wata ɗaya ku koma ku tambaya ina aka kwana.